Ajin manya na makarantar Lahadi ya koma wa'azi na biyu, ta ina zan fara gyara?

Mai tambaya: Salama, 'yan'uwa cikin Ubangiji. An ɗora mini ajin manya a ikilisiyarmu, minti 45 kafin sujada. A rajista mutum 32 ne, amma masu zuwa ba su wuce 15 ba, rabinsu kuma sai an kusa tashi suke shigowa. Ina bin littafin darasi, in karanta, in yi bayani. Da na ce "akwai mai tambaya?" sai kowa ya sunkuyar da kai. Mutum biyu ne ke magana, kullum su ɗin dai. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani dattijon ikilisiya: Ɗana, ciwon yana cikin abin da ka faɗa da bakinka: kai ke karatu, kai ke bayani. Wanda ya san wa'azi na jiransa a sujada ba zai yi sammako don jin wani wa'azin ba. Ka raba lokacin haka: minti 5 addu'a da waiwayen makon jiya, 5 karatu, 20 tambayoyi a kan nassin, 10 yadda za a aikata shi, 5 addu'ar rufewa. Duk maganarka kada ta wuce minti 15.

Nassin ya zama gajere, kada ya wuce aya 15, a karanta sau biyu da murya biyu. Sai ka fara da tambayar da amsarta ke kwance a shafin. Ɗauki Luka 15:1-7. Kada ka ce "me muka koya?", wannan ta yi wa mai kunya nauyi. Ka ce, "Su wa suka yi gunaguni a aya ta 2, kuma a kan me?" Kowa zai iya sa yatsa a kan ayar ya amsa. Daga nan ka hau: me ya sa Yesu ya ba su misalin tunkiyar da ta ɓace? Sai a ƙarshe: wane ne muke jin nauyin zama kusa da shi a majami'a? In ka yi tambaya, ka ƙirga goma a zuci kafin ka sake buɗe baki. Malamai da yawa tsoron shirun nan ke sa su amsa wa kansu, ajin kuwa ya saba da jira.

Wata uwa daga zumuntar mata: Baba ya gama magana, sai dai in ƙara abu ɗaya. Ka daina karatun bi-da-bi, wato kowa aya ɗaya. A cikin manya akwai wanda karatu ke masa wuya, akwai wadda idonta ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Tana zaune tana ƙirga layi don ta gano ayar da za ta faɗo kanta, ba ta ji komai daga abin da ake karantawa ba, mako mai zuwa kuma ba za ka gan ta ba. Ka nemi masu karatu tun kafin a fara.

A juya kujeru a fuskanci juna. Tambaya mai nauyi kuwa, a raba mutane huɗu-huɗu na minti 5, kowane rukuni ya kawo amsa ɗaya. Mutum biyun nan masu yawan magana, ka same su a keɓe ka ba su aiki: ɗaya ya riƙe lokaci, ɗaya ya taƙaita abin da aka faɗa a ƙarshe.

Wani fasto: Na yarda, amma a yi hattara. Tattaunawar da malami bai shirya mata ba takan koma "ni a ganina", a tashi ba a san abin da nassin ya ce ba. A Nehemiya 8:8 an karanta Shari'a a fili, sannan aka bayyana ma'anarta har jama'a suka gane. Bayanin yana wuyanka har yanzu.

Ka fara shiri tun Litinin. Karanta nassin sau biyar cikin mako, haɗe da abin da ke gabansa da bayansa, ka rubuta babban saƙon a jimla ɗaya. In jimla ɗaya ta gagare ka, ba ka shirya ba tukuna. Dubi Filibiyawa 4:13, inda manzo Bulus ya ce zai iya yin komai ta wurin mai ƙarfafa shi: an saba ɗaukarta alkawarin cin nasara a kowace harka, alhali a aya ta 11 da 12 Bulus na maganar wadar zuci ne, cikin ƙoshi da cikin yunwa. Idan wani ya kawo fassarar da ta kauce, kada ka gwale shi a gaban jama'a. Ka ce, "A wace aya ka ga haka? Mu duba tare." Abin da ba ka sani ba, ka ce za ka bincika, ka kuma dawo da amsar.

In an ba ka zaɓi, ku bi littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Filibiyawa sura 4 ce, rabin sura a mako, mako takwas kun gama.

Mai tambaya: Na gode, iyayena. To littafin darasin da aka ba mu fa, in ajiye shi? Masu makara kuma yaya zan yi da su?

Dattijon: Kada ka ajiye shi ba da sanin shugabanni ba. Riƙe nassin da manufar darasin, ka zaɓi tambayoyi uku ko huɗu daga ciki, sauran bayanin ya zama naka na shiri. Masu makara kuwa, ka fara a kan lokaci ko da mutum uku ne, kuma kada ka koma farko don wanda ya shigo daga baya, domin yin haka horo ne ga wanda ya zo da wuri. Ka bar kujeru biyu-uku kusa da ƙofa, da nassin a rubuce a allo. Kafin a tashi, ka ba da nassin mako mai zuwa da tambaya ɗaya da za su zo da amsarta. Ka riƙa rubuta yawan masu zuwa da yawan waɗanda suka yi magana har mako shida, sai ka dawo mana da lissafin mu duba tare.