Nakasar Ƙwaƙwalwa da Lafiyar Iyali: Taƙaitaccen Abin da Aka Tattauna

Jama'a, zancen da aka yi kan nakasar ƙwaƙwalwa da lafiyar iyali ya yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. An yi ittifaƙi cewa nakasar ƙwaƙwalwa ba taɓin hankali ba ce. Tun ƙuruciya take bayyana, tana shafar koyo da kula da kai.

2. Lafiyar jiki aka fi jaddadawa. Binciken da aka fitar a Ingila a 2013 ya nuna maza masu wannan nakasa suna rasuwa shekara 13 kafin sauran maza, mata kuwa shekara 20. Sau da yawa rashin lafiya ce ake ɗora wa nakasar, alhali ciwon haƙori ko kunne ne yaro ya kasa faɗa. A riƙa duba farfaɗiya, ido da ji. Masu lalurar Down (wata lalura da ake haihuwar yaro da ita, mai kawo nakasar ƙwaƙwalwa) kuma a duba zuciyarsu, domin kusan rabinsu da matsalarta ake haihuwarsu.

3. Ƙarancin sinadarin aidin (wanda ake ƙara wa gishirin abinci) lokacin goyon ciki yana cikin manyan dalilan wannan nakasa da ake iya karewa.

4. Wahalhalun ɗabi'ar yaro da talauci sun fi tsananin nakasar gajiyar da iyaye. Uwa ta samu mai karɓarta ta huta.

5. Makaranta ce aka rabu a kanta: wasu na son a haɗa yara masu nakasar da sauran yara, wasu sun ce ajin musamman ya fi idan malamai ba su da horo.