Neman shawara: Zabbix yana nuna bayanai a allo, amma API yana dawo min da fanko

Mai tambaya, daga Gombe:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani a nan Gombe da ke raba intanet ta rediyo. Muna da turken eriya a cikin gari da wani a hanyar Kumo, kwastomominmu kuma kusan arba'in ne: makarantu, asibitoci masu zaman kansu, da shagunan da ɗalibai ke zuwa yin rajistar jarabawa. Muna sa ido kan na'urorinmu da wata manhaja mai suna Zabbix.

Duk ƙarshen wata sai an yi ka-ce-na-ce wajen biyan kuɗi. Kwastoma ya ce rabin watan babu sabis, mu kuma ba mu da takardar da za mu ajiye a gabansa. Shi ya sa maigidana ya ce in riƙa fitar wa kowa rahoton wata a Excel: yawan abin da ya ja, da sa'o'in da layinsa ya faɗi. Na rubuta ɗan shiri da yaren Python yana magana da `api_jsonrpc.php`, wato API ɗin Zabbix, ƙofar da shiri ke bi ya nemi bayanai. `host.get` yana kawo min jerin na'urori, `item.get` ma lafiya lau. Idan na kira `history.get` a kan zirga-zirgar bayanai, lambobi suna zuwa. Amma da zarar na nemi `icmppingloss` (kason da ya ɓace cikin ping, wato saƙon gwajin da ake buga wa na'ura) ko `icmppingsec` (tsawon lokacin da take ɗauka ta amsa), sai ya dawo da jeri babu komai a ciki, kuma ba ya cewa an yi kuskure. Alhali ga zanen nan a allon Zabbix, ina kallonsa da idona. Sannan idan na nemi wata guda na kowa da kowa a lokaci ɗaya, sai ya daɗe yana juyi ya ƙare da kuskuren 500, wato sabar ta gaza.

Don Allah waɗanda suka san kan abin nan su taimaka. Ina so rahoton ya zama wanda zan iya tsayawa a kansa ko a gaban wa.

Injiniya daga Bauchi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalarka ta farko ƙarama ce. Zabbix ba ya zuba duk tarihi a wuri ɗaya, kowane irin ƙima da teburinsa. A cikin `history.get` akwai wani gurbi mai suna `history`. Idan ba ka cike shi ba, yana ɗaukar 3, wato cikakkun lambobi marasa ɗigo. Zirga-zirgar bayanai irin wannan ce, shi ya sa take zuwa maka. Su kuwa `icmppingloss` da `icmppingsec` lambobi ne masu ɗigo, lambarsu 0. Ka je teburin da ba su ciki, shi kuma ya gaya maka gaskiya cewa babu komai a nan.

Kada ka rubuta 0 ko 3 da hannu. Lokacin da ka kira `item.get`, ka nemi `value_type` na kowane abu, ka miƙa shi kai tsaye ga `history`. Kuma kar ka haɗa masu 0 da masu 3 a kira ɗaya, rabi ne kawai zai zo.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, Injiniya. Na sa 0 yanzun nan, ga lambobi sun zubo.

Wata malamar kwamfuta daga Azare:

Madalla. Bari in ƙara wasu dalilai biyu da ke kawo jeri fanko, don gaba. Na ɗaya, lokaci. `time_from` da `time_till` daƙiƙoƙi ne da ake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970, a yau adadin yana da lambobi 10. Wanda ya ɗauko lokacin daga JavaScript zai samu mai lambobi 13, domin can ana ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne, sai ya zama yana neman bayanan shekarun da ba a kai ba. Ka kuma tuna agogonmu yana gaban UTC, wato agogon duniya, da awa ɗaya. Sha biyun dare na 1 ga wata a Gombe, sha ɗayan dare ne na ranar da ta gabata a UTC. Idan ba ka gaya wa Python yankin `Africa/Lagos` ba, watanka na iya karkacewa da awa guda.

Na biyu, izini. Idan asusun da kake amfani da shi ba shi da ikon karanta rukunin na'urar, Zabbix ba zai yi ƙorafi ba, shiru kawai zai yi maka kamar na'urar ba ta nan.

Injiniya daga Bauchi:

Gaskiya ne, Malama. Sai batun 500. Ka yi lissafi: abu ɗaya da ake aunawa duk minti yana tara layi 43,200 a kwana 30. Ka ninka da arba'in, ka kai 1,728,000, kuma wannan na awo ɗaya ne kacal. API ɗin Zabbix a kan PHP yake gudana, sai ya tattara amsar duka a ƙwaƙwalwa kafin ya turo maka, iyakar ƙwaƙwalwar da aka saba sa masa kuma megabait 128 ce. Wasu za su ce ka ɗaga iyakar. Ni ban ba da wannan shawarar ba, yau za ta ishe ka, kwastoma na ƙaruwa ka koma gidan jiya.

Ga rahoton wata, `trend.get` ya fi dacewa. Zabbix yana taƙaita kowace awa a layi ɗaya: mafi ƙaranci, matsakaici, mafi yawa, da adadin awon da aka yi a cikinta. Kwana 30 layi 720 ne kawai. Kuma irin wannan taƙaitawar ana ajiye ta shekara guda a tsarin asali, alhali cikakken tarihi ana share shi da wuri. Idan wata rana ta jawo gardama, sai ka ɗauko `history.get` na wannan ranar kaɗai, minti bayan minti.

Hattara da abu ɗaya: kada ka lissafa faɗuwar layi da matsakaicin `icmpping`. Shi 1 yake bayarwa idan na'ura ta amsa, 0 idan ba ta amsa ba, kuma tunda cikakkiyar lamba ce, matsakaicinsa ba ya ɗaukar ɗigo. Awar da rabinta layi na aiki za ta fito maka 0, ba 0.5 ba, ka ɗora wa kanku laifin awa guda cur. Yi amfani da `icmppingloss`.

Wani tsohon hannu daga Pantami:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ni damuwata ba ta kan shirin ba ce, tana kan abin da lambobin ke nufi. Ka ce kana so ka tsaya a kan rahoton a gaban kowa. To ka saurara, ɗana.

Sabar da Zabbix ke kai, wace wuta take sha? Idan aka ɗauke wuta da dare, batirin inbata ya ƙare ƙarfe uku, sabar ta mutu har sai da rana ta fito sola ta ɗauka, babu wanda ya auna komai a waɗannan sa'o'in. Ba za ka ga 0 ba, ba za ka ga 100 ba, rami kawai za ka gani. Shirin da bai lura ba zai ɗauki matsakaicin abin da ya samu ya ce wata ya yi kyau. Wannan zalunci ne ga kwastoma ko da ba da gangan ba. A `trend.get` akwai `num`, wato adadin awon da aka yi a cikin awa. Idan kana auna duk minti, ya kamata ya kai 60 a awa. Ya gaza sosai, ko awar ma babu ita gaba ɗaya, to ka buɗe mata layi na daban a rahoton, ka rubuta "ba a auna ba". Kar ka sa ta a sa'o'in aiki, kar ka sa ta a sa'o'in faɗuwa.

Sai kuma tambayar wa kake buga wa ping. Idan rediyon da ke kan rufin makaranta kaɗai kake bugawa, kana auna tsakaninku da su ne. Ranar da masu aikin hanya suka datse wayar fiba ta wanda kuke saye a wurinsa, rediyon zai ci gaba da amsawa tsaf, rahotonka ya ce komai lafiya, alhali yara na zaune gaban kwamfuta shafin rajista ya ƙi buɗewa. Ka sa a riƙa buga adireshi biyu na waje, 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare. Duk lokacin da su biyun suka yi shiru tare, faɗuwa ce ga kowa, ka rubuta ta a rahoton kowa.

Akasin haka ma yana faruwa. Shago ya tashi ƙarfe tara na dare, ya kashe janareta, rediyonsa ya mutu. Wannan ba naku ba ne. Hanyar ganewa ita ce `sysUpTime` ta SNMP (hanyar da ake tambayar na'ura halin da take ciki), mai ƙirga tsawon lokacin da na'ura ta yi a kunne. Layi ya dawo ka ga ƙirgen ya fara daga sifili, to kashe na'urar aka yi ko wuta ta yanke mata. Ya dawo ƙirgen na ci gaba, to na'urar tana kunne, sigina ce ta katse, kamar yadda kan faru idan iskar farkon damina ta juya eriya. Wannan kam ku hau ku gyara, ku kuma rage masa kuɗi.

Malamar daga Azare:

Baba ya gama magana. Ni dai zan roƙe ka kar ka sa asusun Admin a cikin shirin. Buɗe asusun karatu kaɗai, ka taƙaita masa hanyoyin da zai iya kira, ka yi masa tokin, wato mabuɗin sirri da shirin zai riƙa shiga da shi. Tokin ya shigo tun sigar 5.4, daga 6.4 kuma ana tura shi a sashen kai (header) na buƙata ta `Authorization: Bearer`. Tsohuwar hanyar sa shi a gurbin `auth` an cire ta a 7.2, don haka ka duba sigarku da `apiinfo.version`. Idan za ka turo mana hoton allo, ka rufe tokin ɗin tukuna.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Sigarmu 6.4 ce. Na ja watan jiya da `trend.get`, ya zo nan take. Na duba `num` kamar yadda Baba ya ce, akwai ramuka da asuba a ranaku da dama. Na nuna wa maigidana, ya amince a raba wa sabar batirinta daban, kuma rahoton zai fita da layuka uku: aiki, faɗuwa, ba a auna ba. Baba, rediyoyin kwastomomi da yawa ba a kunna musu SNMP ba. In bi su ɗaya bayan ɗaya ne?

Tsohon hannu daga Pantami:

Ka fara da waɗanda suka fi kawo ƙorafi. Sa SNMP siga ta 2c ko ta 3, ka sauya kalmar sirri ta `public` da suke zuwa da ita, ka bar adireshin sabarku kaɗai ya iya tambayarsu. Sauran ka bi su a hankali kafin ƙarshen wata.