Neman taimako kan littafin Hernando Colón

Salamu alaikum. Sati biyu ke nan na maƙale a wani rubutu da nake yi kan Hernando Colón, ɗan Christopher Columbus. Hernando ya tara littattafai wajen 15,000 a gidansa na birnin Sevilla a ƙasar Sifaniya, bakin kogin Guadalquivir, kafin rasuwarsa a 1539.

Matsalata ita ce Libro de los Epítomes, kundin taƙaitaccen bayanin littattafan nasa, wanda aka gano a Copenhagen, babban birnin Denmark, a 2019. Na sami hotunan wasu shafuka, amma rubutun hannu ne da Latin, cike da gajartattun kalmomi. Na gwada manhajar karanta rubutu har uku, shirme kawai suke fitarwa. Wani malamin tarihi da na kai wa ma ya ce ya fi ƙarfinsa.

Don Allah, akwai inda aka sake buga kundin nan da rubutun injin?