Turanci ne ya kayar da ɗalibanmu a rubutun kundi, ko rashin abin faɗa?

Malam Lawal, Samaru: Assalamu alaikum jama'a. Kullum ana cewa yaranmu na jami'a ba su iya rubutun furojet, wato kundin kammala digiri, saboda Turancinsu ya yi rauni. Ni ban yarda ba. Yawancinsu ba su san abin da suke son faɗa ba ne. Ka kife takardar yaro a kan tebur, ka tambaye shi da Hausa: me kake son ganowa a binciken nan? Sai ya yi shiru, ko ya karanto maka taken da aka ba shi. Wanda ya iya amsawa cikin jimla biyu, gyaran Turancinsa ba ya wuya. Don haka kafin ɗalibi ya taɓa babi na ɗaya, a sa shi ya bayyana matsalarsa da Hausa, a baki, gaban mai duba shi.

Malama Hadiza, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ka yi wa Turanci sassauci da yawa. Ni da nake koyar da shi a sakandare na san abin da muke turo muku. Rubutu mafi tsawo da ake nema wajen yaro shi ne insha'in WAEC, kalma 450. JAMB kuwa tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yi, zaɓi ɗaya cikin huɗu. Yaron da bai iya haɗa jimla biyu da "amma" ko "saboda" a Turanci ba, ta yaya zai karanta maƙalar mujalla mai shafi ashirin har ya gane inda marubucin ya dosa? Abin faɗa ai daga karatu yake fitowa, karatun kuma da Turanci yake.

Usman, Sabon Gari: Malamaina, ku ba ni dama, ina aji huɗu. Duk jingar da na yi tun aji ɗaya maki kawai nake gani a allo, takardar ba ta dawowa. Da na kai babi na biyu, na bitar ayyukan da suka gabata, an ja layi da jan biro daga sama har ƙasa, an rubuta in sake. Ban san me zan sake ba. Shi ya sa wasu abokaina suke tafiya shagon kwamfuta a haɗa musu, wasu kuma ChatGPT, manhajar nan da ke rubuta wa mutum abin da ya nema.

Dakta Rabi, Kongo: Usman, bari in gaya maka abin da jan biron nan yake nufi, don na san irin babin ko ban gani ba. Sakin layi na farko: wane ya ce kaza, shekara cikin baka biyu. Na biyu: wance ta ce kaza. Haka har shafi goma sha biyar, kowa ya faɗi nasa ya wuce, kai ba ka ce komai ba. Bitar ayyukan da suka gabata ana yin ta ne don ka nuna inda wane da wance suka haɗu, inda suka saɓa, da giɓin da suka bari wanda aikinka zai cike. Idan babu giɓin, babu hujjar ci gaba da bincike. Kuma a nan ina bayan Malam Lawal. Akwai sassan da ake rubuta kundi da Hausa zalla, daga digirin farko har na uku. Na karanta irinsu, kuma wannan jerangiyar ta "wane ya ce" tana nan a wasu. Can babu wanda zai ɗora wa Turanci laifi.

Malama Hadiza: Dakta, wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. Amma ɗan sashen Hausa in ya gane kuskurensa yana da harshen gyarawa a hannu. Ɗan sashen tattalin arziki fa? Ya tsara da Hausa ya juya kalma bayan kalma, abin da zai fito ba Hausa ba ne, ba Turanci ba.

Malam Lawal: Ban ce ya fassara ba, Malama. Na ce ya faɗa a baki har ya tabbata akwai magana a kansa, sannan ya ɗauki biro da Turanci kai tsaye.

Injiniya Bashir, Ƙofar Doka: Ni tambayata ga Dakta ce. Malami ɗaya da ɗaliban furojet fiye da ashirin, ga aji, ga makin jarrabawa, yaushe zai zauna sauraron kowa?

Dakta Rabi: Minti biyar ya isa, Injiniya, kuma ya fi karanta shafi goma sha biyar da za a yar sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne maganar ChatGPT. Tun fitowarsa a Nuwamba 2022 muke samun babi mai Turanci sumul, manazarta a jere bisa tsarin APA (ƙa'idar jera sunayen littattafan da aka duba), amma in ka bi wasu sunayen babu littafin a duniya, ChatGPT ɗin ne ya ƙirƙiro shi. Ranar kare kundi tambaya ɗaya ke tona asiri. Usman, ka shiga Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello ka samo maƙala uku kacal a kan batunka. Kowacce ka rubuta jimla uku da bakinka, littafi a rufe: me ya tambaya, me ya gano, me ya bari. Ka ajiye sunan marubuci da shekara da shafi tun a lokacin, kada ka bari sai ƙarshe.

Usman: Na gode Dakta. In na yi, zan iya sa shafi ɗaya a nan a duba min?

Malama Hadiza: Sa shi, ɗana. Dakta ta duba hujjar, ni in duba jimlolin. Malam Lawal, in aka samu hujjar ta tsaya amma jimlolin sun hana a gane ta, zan dawo maka da maganata.

Malam Lawal: Na amince. Amma Usman, kafin ka turo shafin, turo saƙon murya na minti ɗaya ka gaya mana da Hausa abin da kake son ganowa.