Don Allah a taimaka min kan sunan Arƙam

Salam jama'a, Allah ya sauki maiɗakina lafiya an samu namiji, suna jibi kuma har yanzu ba mu tsayar ba. Ni dai Arƙam nake so, saboda sahabin nan da Annabi (SAW) yake tara musulmin farko a gidansa kusa da Safa a Makka, to sai jiya wani abokina da yayi karatu a Sudan yace wai a Larabci ma'anarsa maciji mai dabbare-dabbare, Hajiyarmu na jin haka tace sam ba jikanta ba. Rago na ɗaure, goro an raba. Malamai da gaske ne? Kuma akwai laifi idan an sa?