Makiro ya tafi neman watan sifili

Kawu na Alabar: Salamu alaikum. Ina nan kan bakana: shekara da hannu ake rubuta ta a cikin makiro, wato jerin umarnin da ke fitar mana da rahoton wata a manhajar lissafi ta Excel. Janairu ya kama, ka goge 2024 ka sa 2025, shi ke nan. Masu son kwamfuta ta yi musu tunani su ke kuka yau.

Auta: Wa alaikumus salam, Kawu. Nawa yana ɗaukar watan da ake ciki ya cire ɗaya. Daga Fabrairu har Disamba lafiya lau. Yau ɗaya a cire ɗaya, ya tafi neman fayil ɗin watan sifili.

Ɗan Aboabo: Kawu, Allah ya ja kwana, taka hanyar ma da rami. Rahoton da ake yi a Janairu ai na Disamban 2024 ne. In ka sa 2025 yanzu, makiro zai nemi Disamban da bai zo ba. Sai Fabrairu ya kamata ka canza, kuma wa zai tuna?

Kawu na Alabar: Ni zan tuna.

Hajiya Akanta: Ran da ka tafi Umara fa, Alhaji? Yaron shago ne zai tuna? Ga Janairu ba watan wasa ba ne. Kuɗin SSNIT, hukumar fansho ta Ghana, na Disamba a biya zuwa 14 ga wata, harajin albashi na GRA, hukumar tara haraji, zuwa 15.

Ɗan Aboabo: Auta, sa masa sharaɗi: in wata ya zama 1, a mai da shi 12, a rage shekara ɗaya.

Malam na Asawase: Ba sai da sharaɗi ba. DateSerial na Excel, mai haɗa shekara da wata da rana ya fitar da kwanan wata, bai tsoron sifili. Ka ba shi DateSerial(2025, 0, 1), zai dawo maka da 1 ga Disamba 2024. Ka sa sifilin a wurin rana, DateSerial(2024, 3, 0), ya ba ka 29 ga Fabrairu, ba sai ka tuna wace shekara ce mai ƙarin rana ba.

Ɗan Aboabo: Malam, wanda ya gaji aikin zai ga sifili ya ɗauka kuskure ne ya "gyara". Sharaɗi kowa ya karanta ya gane.

Malam na Asawase: Sai ka rubuta bayani a samansa. Amma gwada sharaɗinka a rahoton wata uku baya. Fabrairu a cire uku, -1 ke nan, kuma watanka ba 1 ba ne, sharaɗin ba zai motsa ba. DateSerial kuwa Nuwamban bara zai ba ka.

Hajiya Akanta: Ku duka biyun da ranar yau kuka dogara, nan ne damuwata. Mai binciken lissafi ya zo a Maris ya ce a sake fitar masa da na Disamba, makironku Fabrairu zai miƙa masa. A ware gida ɗaya a shafin farko na Excel, a rubuta watan rahoto da shekararsa, komai ya lissafo daga nan.

Kawu na Alabar: Alhamdu lillahi, kun zagaya kun dawo hannu.

Hajiya Akanta: Ba ɗaya ba ne, Alhaji. Naka a ɓoye yake cikin makiro, nawa a fili, wata da shekara tare, ko yaro ya gani.

Malam na Asawase: Na yarda, amma a kula. Mu nan 01/12/2024 ɗaya ga Disamba ne, kwamfutar da ke kan tsarin Amurka 12 ga Janairu za ta karanta. Sunan fayil kuwa a fara da shekara, 2024-12, su jeru da kansu.

Auta: Af! Nawa sunan wata kaɗai gare su, babu shekara.

Ɗan Aboabo: To na Janairun bana zai hau kan na bara. Kar ka danna komai tukuna, kwashe na 2024 ka kai wani wuri.

Kawu na Alabar: Nawa dai suna nan a kan takarda.