Likita ya ce sai an cire wa karyata mahaifa, in yarda ko in jira?

Baban Ilham, Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani a ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Ina da karya baƙa, Duna muke ce mata, 'yar gida ce da ta gauraya da irin karnukan 'yan sanda. Shekararta shida a hannuna. Tana kwikwiya aka kawo mini ita daga Sabon Gari, lokacin da muka tare a nan ba kowa sai kangwaye, kuma tun da ta girma ba a ƙara haura mana katanga ba. Ta haihu sau uku. Na ƙarshen tara ta zuba, muka rasa inda za mu kai su, maƙwabta na ta ƙorafin kuka. Shi ne wani mai kemis ya ce ai abu ne mai sauƙi, allurar tazarar haihuwa ta mata, wadda ake yi duk wata uku, ita zai yi mata. Ya yi mata bara, ya sake yi mata ƙarshen Fabrairu da muka ga ta fara ɗigar jini, karnuka na taruwa a ƙofar gida.

Yau kwana biyar ba ta ci abinci ba. Ko kan kifi da take rawar jiki a kansa, sai ta sansana ta kau da kai. Ruwa kuwa, ƙaramin bokitin fenti take shanyewa kafin la'asar, fitsari ba iyaka. Na ɗauka zafin bazara ne. Shekaranjiya Maman Ilham ta ga wani ruwa mai kauri kamar kunu, da ɗan ja-ja, yana fita ta bayanta, wari kamar mushe, ƙudaje na bin ta. Jiya na sa ta a adaidaita sahu muka je wajen likitan dabbobi. Ya yi hoton ciki, ya ce mugunya ce ta cika mahaifa, sai an yi tiyata an cire ta gaba ɗaya, kuma kada a wuce jibi. Kuɗin da ya faɗa ya kusa na madaidaicin ragon layya.

Hajiyarmu da ta ji cewa ta yi, "Kare za a yi wa tiyata? Mutane ma ba su samu ba." Ni kuma tsorona biyu ne. Kar ta mutu a hannunsu, ba kare ba kuɗi. In kuma ta tashi, an ce karyar da aka cire wa mahaifa lalacewa take yi, sai ci sai barci. Babu allura ko ƙwayar da za ta wanke cikin ba tare da an yanka ba?

Ɗan Hotoro:
Malam kar ka bari a cuce ka. Ka sayi Ampiclox ka dinga cusa mata a cikin tuwo safe da yamma kwana bakwai. Tawa ta yi irin wannan, haka na yi ta miƙe.

Dakta, Tarauni:
Wa alaikumus salam. Baban Ilham, ka kai ta gobe da sassafe, jibin ma kada ka jira. Ɗan Hotoro, ka taki sa'a a taka, amma don Allah kada wani ya bi wannan hanyar.

Ga abin da ke faruwa a cikinta. Karya tana shiga lokacin barbara kusan duk wata shida, ta yi mako 2 zuwa 3 a ciki. Bayan ya wuce, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, jikinta na ci gaba da fitar da sinadarin riƙon ciki har wajen wata biyu. Sinadarin nan yana kaurara bangon mahaifa, ya sa ta tara ruwa, ya tsuke bakinta, ya kuma rage mata ƙarfin yaƙi da cuta. Allurar da mai kemis ya yi, dangin wannan sinadarin ce, mai daɗewa a jiki, kuma ya yi ta a mafi munin lokaci, bayan jini ya riga ya fara. Ƙwayoyin cuta, galibi irin na hanji, suka shiga suka tarar an yi musu shimfiɗa. Yawanci ciwon na bayyana mako 2 zuwa 8 bayan barbara. Ka lissafa daga ƙarshen Fabrairu ka gani.

Yawan shan ruwan nan ba bazara ba ce. Gubar ƙwayoyin ce ta fara taɓa ƙoda, ƙodar ta kasa riƙe ruwa, shi ya sa take sha tana zubarwa. Inda ka yi sa'a shi ne bakin mahaifar a buɗe yake, har kuka ga mugunyar. Akwai wadda bakin ke rufewa, ba a ganin komai sai ciki yana tasowa, masu ita na murna wai ciki ne, har mahaifar ta fashe a ciki. Buɗaɗɗen ma yana iya rufewa kowane lokaci.

Ƙwaya ita kaɗai ba ta kwashe jakar mugunya. Ciwon kan lafa, ya dawo a barbara ta gaba. Akwai allurai da muke gwadawa a kan ƙaramar karya da ke cin abinci, wadda ake son 'ya'yanta, amma ba a kan mai shekara shida da ta kwana biyar ba ci ba. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin da wuri suna tashi. Abin da ke kashe su shi ne kawo su a kwance.

In ka je, ka tambayi likitanka abu uku, ba raini ba ne. Zai sa mata ƙarin ruwa kafin allurar barci? Zai gwada jini ya ga ƙoda da yawan jinin? Karnukanmu na Kano ba sa rabuwa da kaska, kuma zazzaɓin kaska yana shanye jini ba a sani ba. Sannan zai cire har da ƙwayayen haihuwar guda biyu? In aka bar ko ɓarin ɗaya, za ta ci gaba da neman namiji, ɗan guntun mahaifar da ya rage kuma yana iya sake ruɓewa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale da Kundila, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya. Amma jin ta bakin wani likitan kada ya cinye maka yini biyu.

Batun lalacewa kuwa, gadi ba a mahaifa yake ba. Ƙiba ce kawai ke saurin kama su bayan aikin, sai a rage kwano.

Baban Ilham, Rijiyar Zaki:
Na gode Dakta, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu. Akwai abin da ban faɗa ba. Jiya da za mu sa ta a sahu, ƙanina ya tallafo ta ta ciki, ta juyo ta kama masa hannu, haƙori biyu suka huda. Mun goga masa sifirit. Allurar haukar kare kuwa, gaskiya ta fi shekara biyu rabonta da ita. Sannan yaya za a yi da ɗinkin? Da rana a ɗaure take, sai dare a sake ta, ni kaɗai take yarda in taɓa, ni ɗin ma banda ciki da ƙafafu.

Dakta, Tarauni:
Wannan ya fi na karyar gaggawa. Yanzu ya wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 15, ko da ya kwana, sannan ya tafi asibiti yau ɗin nan a fara masa allurar rigakafin haukar kare, a duba ta tetanus. Na fi zaton zafin ciwo ne ya sa ta cije shi, amma haukar kare in ta nuna alama ba ta da magani, ba a yin caca da ita. Ka faɗa wa mai tiyatar, domin dole a sa mata ido kwana 10 daga ranar cizon. In ta warke a yi mata tata allurar, a dinga maimaitawa duk shekara. Ba abu ne mai wuyar samu ba, a nan ƙasar ma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta.

Mai horar da karnuka, Bompai:
Alhaji, horo ba ya yiwuwa a dare ɗaya, sai dai dabarar gobe. Ka nemi takunkumi irin mai kama da kwando, wanda za ta iya buɗe baki ta yi haki a ciki. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. In ka ɗaure mata baki tam a cikin sahu a ranar Afrilu, kai ka kashe ta da hannunka. In ba ka samu ba, bandeji ko ƙyalle mai laushi ya isa na minti biyu, iya ɗagawa da saukewa, ka kwance. In tana amai kada a sa komai. Kuma ba a tallafar ta ta ciki. A shimfiɗa bargo, ta hau, mutum biyu su kama gefe-gefe.

In ta warke, ga aikinka. Ka yanka busasshiyar hanta ƙanana kamar gyaɗa. Ka taɓa kafaɗa, ka ba ta ɗaya. Gobe ka sauko ƙirji. Ciki da ƙafafu su ne na ƙarshe, ko da zai kai mako uku. In ta daskare ko ta ɗaga leɓe, ka yi sauri, koma baya. Minti biyar sau biyu a rana ya wadatar. Kada a dake ta don ta yi gurnani. Gurnani sallama ce. Karen da aka hana gurnani shi ne mai cizo ba sanarwa. Uwargida ita ma ta shiga, saboda ranar da ba ka gari.

Sarƙar nan kuma ita ce rabin matsalar. Dabbar da ta yi shekara shida tana ganin mutane na zuwa ba ta da hanyar kaucewa, baki kawai ta sani. A kewaye mata wuri mai inuwa, ka dinga fita da ita da igiya bayan asuba, kafin kwalta ta ɗau zafi.

Maman Walid, Sharaɗa:
An yi wa tamu irin aikin nan shekara biyu da suka wuce, tana nan tana hana mu barci da haushi. Baban Ilham, wahalar ba a asibiti take ba, a gida take. Mu mun ji tausayinta muka cire mata robar wuyan nan mai kama da mazurari a dare na uku, don ta ƙi kwanciya. Da safe ta tsinke zare uku, sai da aka sake ɗinki, aka sake biya. Robar ma ta farfasa ta, ƙarshe maigidan ya fafe gindin bokitin roba, ya huda gefe, ya ɗaura a jikin abin wuyanta, ya naɗe bakin da tsumma. Shi ya kai mu har aka cire zare a kwana na 12. Ku ajiye ta a ɗaki ko shago mai siminti, ba a ƙasa ba, ku kori ƙuda, ba wanka, ba tsalle. Maganin kuma a cikin sardin muke ɓoye shi.

Dakta, Tarauni:
Maman Walid ta gama magana. Zare kwana 10 zuwa 14. Ƙari ɗaya: kada tausayi ya sa a ba ta Ibuprofen ko Diclofenac na gida, suna huda cikin kare su ƙarasa ƙodar. Iya abin da likita ya rubuta. Kaska kuma in kun gani, ban da fiya-fiya, ban da baƙin mai.

Malam, Gadon Ƙaya:
Ta ɓangaren Hajiya zan ce wani abu. Kada ka yi musu da ita, maganarta da gaskiya a ciki, mutane na cikin hali. Ka dai tuna mata da hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Dabbar da ka tsare tana maka gadi, cinta da jinyarta suna wuyanka gwargwadon iko. Wannan kuma magani ne ake yi, ba wasa da halitta ba. Allah ya ba ta lafiya.

Baban Ilham, Rijiyar Zaki:
'Yan'uwa alhamdu lillahi, an yi aikin shekaranjiya. Sai da ta sha ƙarin ruwa leda biyu kafin a shiga. Likitan ya fito mini da abin a tire, reshe biyu, kowanne ya kusa kaurin damtsen Ilham, ya ce ainihinsa bai fi fensir ba. Yau da safe ta lashi sardin, ta kuma yi wa mai ruwa haushi daga kwance. Bokitin Maman Walid na wuyanta, tana ta karo da bango. Ƙanina ya karɓi allura ta biyu. Hajiya ba ta ce komai ba, amma ɗazu ta aiko yaro da kwanon romon kaza, wai a kai wa marar lafiya. Dakta, in ba ta?

Dakta, Tarauni:
Ma sha Allah. A tsame ƙasusuwan tas, dafaffen ƙashin kaza tsagewa yake ya soke hanji. A kwashe man da ke sama. In kuma Hajiya ta sa albasa da yaji, to ku shanye abinku, albasa tana fasa jinin kare. A dafa mata wani da ruwa zalla, kada dai Hajiya ta ji.